Farfela Mai Kunne Huɗu

Tun da na dawo daga Dubai bakina bai huta ba. Duk wadda ta shigo yi min sannu da zuwa sai ta gyara zama a kan tabarma ta ce, "To Maman Nura, ba mu labari." In ɗauko daga farko, ina tsakiya wata ta yi sallama, a sake komawa farko. Har muryata ta dushe. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma in samu in sha kununa da zafinsa.

Wanda ya san ni ya san ni ba mai fita ba ce. Daga Gwammaja in na yi nisa, to biki ne a Kurna ko gaisuwa a Fagge, kuma kafin la'asar hankalina ya koma kan kajina. Abin da ya fitar da ni har ƙetaren teku autana ne, Nura. Mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, maƙerin farin ƙarfe ne, cokula da ludaya da 'yan kunne duk yana yi, kuma a cikin 'ya'yansa Nura ne ya ɗauko hannunsa. Ya je Legas ya koyi gyaran injin jirgin ruwa, daga can wani ya yi masa hanya zuwa Dubai. In aka tambaye ni aikinsa sai in ce gyaran farfelar jirgin ruwa, in yi sauri in canza zance, don ni ma iyakar abin da na sani ke nan.

A shekarar da na je, dubu biyu da sha takwas, takardar aikinsa ta kusa ƙarewa. Ya faɗa min a waya cewa maigidansa zai gwada shi. Za a ba shi jirgi guda ya zaɓa masa farfela da kansa. In ya yi daidai a sabunta masa takarda a damƙa masa ɓangaren farfela ya riƙe, in bai yi ba ya tattaro ya dawo gida. Ya ce, "Umma, ki sa ni a addu'a." Na ce to. Amma da na ɗaga hannu sai na rasa wanne zan roƙa, don ni so nake ya dawo. Rumfar mahaifinsa tana nan a rufe. Har na ɗauko 'yar gudumar marigayin, wadda ƙotarta ta yi sulɓi saboda riƙo, na naɗe ta a zani na sa a ƙasan jaka. Niyyata in na ga fuska in miƙa masa in ce ga ta, rumfa tana jiranka.

Tare muka tafi da Hajiya Binta maƙwabciyata, mai sarin abaya da takalma, wadda Dubai ta zame mata kamar Kantin Kwari. Ita ta duba kayana tun a gida. Kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa, yaji, duk ta yarda. Man shanu ta ce in ajiye. Da ta ga maburgina ta riƙe haɓa.

"Maman Nura, wannan fa?"

"Da me zan kaɗa masa miya?"

"Akwai na ƙarfe a can."

"Na ƙarfe bai san hannuna ba."

Jirgin sama ba zan ɓata muku lokaci a kansa ba. Na riƙe hannun Hajiya Binta tun daga Kano har sai da ta ce yatsunta sun mutu. A Addis muka canza jirgi, sanyi kamar an buɗe firji, ga wata matakala mai tafiya da kanta. Na tsaya a gabanta ina jiran ta tsaya in hau, mutane suka taru a bayana, har wata Bahabashiya ta kama ni ta gwiwar hannu muka taka tare. Da muka kai sama na yi mata godiya da Hausa, ta amsa da yarensu, kuma wallahi mun fahimci juna.

A Dubai wani saurayi cikin farar jallabiya ya karɓi fasfona ya nuna min wata 'yar kyamara. Ni kuma na sunkuyar da kai, don ban saba zuba wa namiji ido ba. Ya ce, "Mama, fauƙ, fauƙ," yana nuna sama da yatsa. Hajiya Binta ta ce daga bayana, "Idonki suke so, buɗe musu." Na buɗe har sai da ya yi dariya ya buga hatimi. Wajen duba kaya kuma aka ce in buɗe jaka. Ma'aikacin ya shinshina daddawa ya mayar da sauri, ya ɗaga maburgi yana jujjuya shi. Sai na karɓa na sa shi tsakanin tafukana na murza masa kamar ina kan tukunya. Ya kira abokin aikinsa ya ce in sake. Na sake. Suka ce, "Khalas, Mama, yalla," ma'ana an gama, in wuce.

Nura yana waje yana jira. A tsakiyar wannan taron, a kan tayil mai sheƙi, yaron nan ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Na ɗago shi ina duba shi. Bai rame ba, sai dai ya yi duhu. Da na riƙe hannunsa na ji kanta a daidai inda mahaifinsa yake da ita, gindin babban yatsa.

Ɗakinsa na maza ne, gado kan gado, don haka ni a Deira na sauka, a wani fulat da 'yan kasuwarmu mata suke kamawa kusa da Murshid Bazaar. Mu biyar ne a ciki: ni, Hajiya Binta, wata Hajiya Rabi 'yar Maraɗi mai sarin turare, da wasu Hajiyoyi biyu 'yan Sakkwato, ya da ƙanwa. Kwalaye har rufi. Tun safe ba abin da kake ji sai ƙarar salatif, ƙiiit, ƙiiit, ana ɗaure kayan kago. Hajiya Rabi komai aka faɗa sai ta ce "dakor," wato "to" da Faransanci, har na ɗauka, yanzu haka jikokina suna tsokanata da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a garin nan shi ne rashin gaisuwa. Ka shiga lif da mutum, kafaɗarku tana gogar juna, kowa ya kafe lamba da ido. Ni dai ban iya ba. Duk wanda na tarar sai na ce masa sannu, kuma kafin in bar gidan wani tsoho ɗan Pakistan mai shara ya koyi cewa "yawwa." Larabawan kuma in sun haɗu hanci suke haɗawa. A jirgin ƙasansu akwai taragon mata zalla, wannan kam ya burge ni. Garin ba akuya, ba kaza, sai kyanwoyi masu ƙiba. Abincinsu shinkafa ce doguwa mai kayan ƙamshi, da wani shayi mai kauri da ake sayarwa a ƙananan kofuna, wanda na riƙe shi kamar magani. Amma ba a jima ba na ɗora tukunya. Ranar da na kaɗa miyar kuka, Nura ya zo ya zauna a bakin ƙofa ya cinye malmala uku bai ɗago kai ba, Hajiyoyi suna ta yi masa tsiya wai za su nemo masa mata a kwali.

Ruwa kuwa, na fara hawansa ne a abra, wani kwalekwalen katako mai inji da ke tsallakar da mutane rafin da ya raba garin. Ba kujera, benci ne a tsakiya, kowa ya juya wa kowa baya. Na karanta duk abin da na haddace kafin mu kai ɗaya gaɓar. Da muka sauka na ce wa Hajiya Binta, "Ashe haka Nura yake fama." Ta ce, "Wannan ai jaki ne. Nasu doki ne."

Ranar da ya kai ni wurin aikinsu, mun yi jirgin ƙasa, mun yi mota, har muka isa wata babbar rumfa a bakin teku. Jirage a jere a kan kanta, wani bisa wani, kamar burodi a shago. Can ciki bango guda cike da farfeloli masu ƙyalli, ƙarfen da ba ya tsatsa, wata kunnenta uku, wata huɗu, wata biyar. Maigidansa Oga Tomas, wani dattijo ne ɗan Indiya, siriri, gashin kunnensa fari, tabarau a goshi. Ya dafa ƙirji ya gaishe ni, ya sa aka kawo min kujera da shayi. Ba mai magana ba ne. In yana kallon aikin mutum ba ka gane ko ya yaba ko bai yaba ba.

Nura ya ɗauko wata farfela ya ɗora min a cinya. Nauyinta ya ba ni mamaki.

"Umma, kin ga kunnuwan a karkace suke?"

"Na gani."

"To karkatar nan ita ce takunta. Duk juyi ɗaya, taku ɗaya take yi a cikin ruwa. Mai dogon taku ta fi gudu, amma tana wahalar da inji kafin jirgi ya tashi. Mai gajeren taku nan da nan take ɗaga jirgi, sai dai in an miƙe injin zai yi ta ihu, gudun kuma bai kai ba."

"Wacce ce mai kyau?"

"Babu mai kyau ita kaɗai. Sai an san jirgin, an san injin, an san nauyin da zai ɗauka. Kowane inji akwai iyakar juyin da aka ce ya kai in an sake masa mai duka. In allurar agogonsa ba ta kai wurin ba, farfela ta yi masa nauyi. In ta wuce, ta yi masa sauƙi. Duka biyun kashe inji suke."

Na juya abin nan a hannuna na ce, "Ashe dai maburgi ne."

Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya fassara wa Oga Tomas. Na ce ya ƙara masa da cewa maburgin kunu daban, na miya mai kauri daban, in ka sa babba a tukunya mai kauri hannunka ne zai faɗa maka. Dattijon ya saurara, ya kaɗa kai irin nasu na Indiyawa, wanda ba ka sanin e ne ko a'a.

Na zauna ina kallon Nura yana aiki. Ya ɗaure farfela a kan wani ƙarfe, ya auna kowane kunne, don wai ko sabuwa ce daga kamfani sai ka tarar wani kunnen ya ɗan fi wani. Ya bi gefen da magagari yana rage masa kauri. Ya ɗauki guduma yana ɗan lanƙwasa bakin kunnen ciki kamar leɓen cokali, wai wannan ne yake sa ta riƙe ruwa kada ta sha iska ta yi ta juyin banza. Sannan ya rataye ta a kan sanda ya sake ta, ya ga ko wani gefe zai rinjayi wani. Bugun gudumar nan, biyu a jere sannan ya ɗan tsaya ya duba, bugun mahaifinsa ne sak. Na ja gefen mayafi na ce ƙurar ƙarfe ce ta shiga idona.

Jirgin gwajin na wani Balarabe ne, Abu Salim, fari dogo mai inji biyu a baya. Nura ya ce duk wanda ya kawo jirgi, tambayar farko da Oga Tomas yake yi masa ita ce su wa za su hau. Abu Salim ya ce shi ne da abokinsa, kuma gudu yake so. Don haka Nura ya zaɓi masu kunne uku, masu dogon taku, guda biyu, ɗaya mai juyawa dama ɗaya hagu, ya yi kwanaki yana gyara su.

Ana gobe gwaji ya rako ni har ƙofar gidanmu ya ce, "Umma, Oga ya ce ki zo ki gani. Abu Salim ma ya ce a sa ki a ciki."

"Allah ya kai mu."

Ya ɗan tsaya yana kallona. "Ke kaɗai fa, Umma."

"Da wa zan zo? Wa na sani a garin nan?"

Na hau sama. Ni dai labari kawai na bayar. Hajiya Binta ta ajiye salatif ta ce, "Ke kaɗai a cikin maza a tsakiyar teku? Ina raye? Rakiya dole." Hajiya Rabi ta ce dakor, ita ma ba ta taɓa ganin teku ba sai ta tagar mota. 'Yan Sakkwato suka ce ai ɗan ɗaya ɗan kowa ne, addu'ar mutum biyar ta fi ta mutum ɗaya. Ku faɗa min, matan da muke cin kwano ɗaya, da wane baki zan ce ku zauna? Kuma ba a zuwa wurin mutane hannu biyu. Muka yi dambun shinkafa kula guda, farfesun kaza kula guda, zoɓo da ƙanƙara a babbar kula, ga katan ɗin ruwa.

Da safe, da motar haya ta sauke mu, Nura yana tsugune a kan gadar katakon da ake ɗaure jirage. Ya ɗago ya ƙirga mu da ido, ya ƙirga kuloli. Sannan ya zo ya gaishe da kowacce da sunanta. Oga Tomas ya sauko da tabarau daga goshi ya sake mayarwa. Na yi niyyar in ce su Hajiya a nan za su jira, amma Abu Salim ya riga ni. Wani ƙaƙƙarfan mutum ne mai fara'a. Ya buɗe hannuwa yana yi mana maraba, yana nuna jirgi, yana "yalla, yalla." Hajiya Binta, da take jin Larabcin kasuwa, ta ce, "Ya ce baƙo ba ya tsayawa a waje yana kallo, duk mu shiga." Ashe su ma irin tamu ce da su. Mu ba ma iya hana rakiya, su ba sa iya barin baƙo a baya.

Aka raba mana rigunan ruwa. Ta Hajiya Binta ta ƙi rufuwa sai da aka sake mata igiya, tana cewa telan ne bai iya ba. Maza uku suna gaba wajen sitiyari, don haka mu muka taru can baya kusa da injina, muka jera kuloli a ƙafafunmu.

Muka fita a hankali har muka bar duwatsun da suka kare bakin ruwa. Abu Salim ya waiwayo ya yi mana murmushi, ya tura totur.

Hancin jirgin ya ɗaga sama har na daina ganin komai sai sararin sama. Baya ya nutse, ruwa yana tafasa a bayanmu. Ni ban san jirgi ba, amma na san kukan injin markaɗe in an cika masa wake, kuma shi na ji. Gurnani yake, yana ja, ya kasa sakewa. Da ƙyar hancin ya sauko. Ko da ya sauko, na ga Nura ya kafe agogon da ido, Oga Tomas ma haka. Abu Salim ya mayar da totur, ya sake turawa. Haka dai. Murmushinsa ya ragu. Ya yi wata magana gajeriya, ban tambayi Hajiya Binta fassara ba, ita ma ba ta bayar ba.

Na kalli ƙeyar Nura, gumi yana gangarowa cikin rigarsa. A nan ne na gane abin da na yi. Nauyin da aka ce sai an san shi kafin a zaɓi farfela, ga shi na kwaso shi daga Deira har da zoɓo. Abin da zuciyata take so tun daga Kano, ya dawo gida, ga shi yana shirin faruwa, kuma da hannuna. Sai na ji ba na so. Ko kaɗan ba na so. Addu'ar da na kasa yi a kan sallaya, a nan ta fito min tiryan-tiryan.

Muka koma bakin gada. Na miƙe na ce, "Hajiya, ku tashi mu sauka, mun ɓata wa yaro aiki." Oga Tomas ya ɗaga hannu ya yi magana. Nura ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ya ce ku zauna. Ya ce jirgin da ke gabana yanzu shi ne wannan, da ku a ciki, kuma a kansa zai gwada ni."

Dattijon ya harɗe hannuwa yana jira. A al'adar aikinsu, ranar gwaji ana zuwa da farfelolin da aka zaɓa, da masu ɗan fin su taku, da masu ɗan gaza su, duk suna nan a akwati a kan gada. Nura bai taɓa akwatin ba. Ya haura wajen motarsu, ya dawo rungume da wani kwali. Da ya buɗe, na ga girar Oga Tomas ta ɗaga. Farfeloli biyu ne masu kunne huɗu.

Aka ɗaga injinan sama har ƙafafunsu suka fito daga ruwa. Nura ya kwanta rub da ciki a bayan jirgin, ya sa katako ya tokare kunne, ya kwance noti da sifana, ya zare tsohuwar, ya shafa giris, ya zura sabuwar, ya duba sau biyu kada ya sa ta dama a hagu. Yana ɗaurewa yana yi min bayani kamar muna tsakar gida.

"Waɗannan takunsu ya fi gajarta, Umma, na sauko da lamba biyu. Kunne na huɗun kuma yana ƙara kama ruwa, yana ɗaga bayan jirgi. Ba za su kai waɗancan gudu ba, amma za su ɗauke ku." Ya miƙe ya goge hannu, ya ɗan rusuna. "Hajiya Binta, don Allah ku da Hajiya Rabi ku dawo tsakiya. Kulolin kuma zan kai su gaba."

Hajiya Binta ta ce, "Wato ni ce lodin."

"Ni ban faɗa ba, Hajiya."

"Idonka ya faɗa. Allah ya kai mu bikinka, zan rama."

Abu Salim ya matsa gefe ya ba su wuri. Muka sake fita. Wannan karon da ya tura totur, hancin ya ɗan ɗaga kawai ya kwanta, sai na ji an fizge mu kamar an janye tabarma daga ƙarƙashinmu. Kukan injin ya washe, ya zama siriri mai daɗi. Jirgin ya hau saman ruwa yana sulɓi, iska ta cika min baki, dogayen gine-ginen nan suna wucewa ta gefe. Hajiya Binta tana salati da ƙarfi, Hajiya Rabi ta danne mayafinta da hannu biyu tana "shuwayya, shuwayya," wato a yi a hankali, ƙaramar 'yar Sakkwato kuwa cewa take a ƙara. Sai na ji wata tana ƙyalƙyala dariya kamar yarinya, ashe ni ce. Nura ya nuna wa Oga Tomas agogo da yatsa. Allurar tana daidai inda ake so.

Da muka dawo, mu mata muka sauka muka shimfiɗa leda a inuwa muna zuba abinci. Su kuma suka mayar da masu kunne ukun da Nura ya yi kwanaki a kansu, suka fita su uku kawai. Kafin in gama zuba farfesu sun zama ɗigo a can nesa, sai farin layi a bayansu. Da suka dawo, rawanin Abu Salim yana wuyansa, yana ta dukan kafaɗar Nura. Hajiya Binta ta kasa kunne ta ce, "Ya ce duka biyun yake so. Wai mahaifiyarsa da 'yan'uwansa mata sun daɗe suna cewa ya ɗauke su, yana ce musu jirgin ba na iyali ba ne. Yanzu ba shi da hujja."

Muka zauna cin abinci. Abu Salim ya ci dambu da hannu, yaji ya kama shi, ya sha zoɓo kofi biyu yana share hawaye yana ƙarawa. Oga Tomas yana ci a hankali, can ya yi wa Nura wata tambaya. Nura ya sunkuyar da kai yana murmushi, ya amsa. Dattijon nan da ban taɓa jin dariyarsa ba ya ajiye cokali ya yi ta dariya har da tari.

Na ce, "Me ya ce?"

"Cewa ya yi me ya sa na taho da masu kunne huɗu, alhali Abu Salim ya ce mutum biyu ne za su hau."

"Kai kuma ka ce me?"

"Na ce masa tun jiya da aka ce ki zo na koma na ɗauko su. Na ce na san Ummata, ko gidan maƙwabta za ta shiga ba ta tafiya ita kaɗai, kuma ba ta zuwa hannu biyu."

Hajiyoyi suka sa shewa. Na ɗaga ludayi kamar zan kai masa, ya kare kai. Oga Tomas ya goge ido ya ƙara wata magana, yana nuna wajen rumfarsu. Na taɓa Nura, ya ce, "Ya ce wannan ita ce tambayar da yake ta koya min, su wa za su hau. Ya ce daga gobe bangon farfela nawa ne."

Sauran kwanakin na yi su a kasuwa ina bin Hajiya Binta, ina sayen tsarabar jikoki. Ranar da za mu taho, a filin jirgi, na buɗe jaka na ciro ƙullin zanin nan na miƙa masa. Ya warware, ya ga gudumar. Ya daɗe yana shafa ƙotar da babban yatsa.

"Umma, rumfar Baba..."

"Rumfa tana nan, ba inda za ta. Wannan ta gaji da kwanciya a akwati. Ka sa ta aiki."

Yanzu in ya kira ni da rana daga wurin aiki, wani lokaci sai ya ajiye wayar a kan teburi ya ce in ɗan jira shi. Ina zaune a tsakar gidana a Gwammaja, kaji suna kewaye ni, sai in ji ta daga can bakin teku. Bugu biyu a jere, sannan a tsaya a duba. Ba na ce masa ya yi sauri.